Filin Tambaya da Amsa: Ali Treki, Bakin Libiya a Zamanin Gaddafi, da Abin da Ya Haɗa Shi da Cadi

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu suna kewaya mutum ɗaya ne, wato Dakta Ali Abdussalam Treki, wanda ya shafe kusan shekara 40 yana magana da yawun gwamnatin Libiya a gaban duniya. Ganin cewa rayuwar aikinsa ta ratsa ta kan ƙasarmu Cadi fiye da sau ɗaya, sai muka ga ya dace mu haɗa tambayoyin wuri guda.

Tambaya ta farko, daga wani Alhaji mai sayar da atamfa a kasuwar Kusuri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena: Assalamu alaikum Malam. Muna hira a rumfa kan Philemon Yang, ɗan Kamaru da ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, sai wani maƙwabcina ya ce ai ɗan Libiya ma ya taɓa hawa wannan kujera a zamanin Gaddafi. Na yi masa gardama, domin na san Gaddafi ba ya ga-maciji da manyan ƙasashen Yamma. Wane ne wannan mutum, kuma yaya aka yi ya kai can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maƙwabcinka ya fi ka gaskiya a wannan karon. Ali Treki ne ya shugabanci zama na 64 na Babban Zauren, daga watan Satumba na 2009 zuwa Satumba na 2010. Abin da ya sa ka yi mamaki shi ne ka ɗauka manyan ƙasashe ne ke raba kujerar, alhali kuwa karɓa-karɓa ake yi tsakanin rukunan yankuna biyar na duniya, don haka duk bayan shekara biyar sai ta zagayo kan Afirka, kuma ƙasashen Afirka ne ke tsayar da nasu. Bayan Treki a 2009, Sam Kutesa na Yuganda ya hau a 2014, Tijjani Muhammad-Bande na Najeriya ya hau a 2019, sai Philemon Yang a 2024. A shekarar da aka tsayar da Treki, Gaddafi ne ke shugabancin Tarayyar Afirka, Libiya kuma ta riga ta shirya da Amurka da Ingila bayan ta biya diyyar jirgin fasinjan Amurka da aka tarwatsa a saman garin Lokabi ta kuma watsar da shirinta na makaman ƙare-dangi a ƙarshen 2003, saboda haka babu wanda ya tsaya a gabansa.

Shi mutumin Misrata ne, birnin 'yan kasuwa da ke bakin tekun Bahar Rum, an haife shi a ƙarshen shekarun 1930. Ya karanta tarihi a jami'ar Bangazi, sa'an nan ya tafi Faransa ya yi digirin digirgir a jami'ar Tulus, inda ya kammala a 1967, shekara biyu kafin matasan sojoji su kifar da Sarki Idris ranar 1 ga Satumba 1969. Wannan karatu na Faransa shi ne jarinsa, domin sabbin masu mulki sojoji ne da ba su san duniya sosai ba, suna bukatar wanda zai iya zama da Bafaranshe ko da shugaban wata ƙasar Afirka rainon Faransa ya yi magana da harshensu ba tare da tafinta ba. Tun farkon shekarun 1970 yana ma'aikatar harkokin waje, ya riƙe sashen Afirka, ya zama ministan harkokin waje daga 1976 zuwa 1982, ya sake dawowa daga 1984 zuwa 1986. Tsakanin waɗannan da bayansu ya yi wakilcin ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya har sau uku, ya wakilce ta a Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira, ya yi jakada a Faransa daga 1995 zuwa 1999, daga nan kuma aka danƙa masa harkokin Afirka.

Ranar da aka fi tunawa da shi a kan waccan kujera ita ce 23 ga Satumba 2009, lokacin da Gaddafi ya je yi wa zauren jawabi karo na farko tun da ya karɓi mulki shekara 40 kafin nan. Treki ne ya gabatar da shi, har ya kira shi da laƙabin sarkin sarakunan Afirka. Minti 15 ake ba kowane shugaba, amma Gaddafi ya yi fiye da sa'a ɗaya da rabi yana magana, ya ɗaga kundin tsarin Majalisar ya yage gefensa ya jefar, Treki kuwa yana zaune a sama a bayansa, shi ne mai hurumin tsayar da shi, amma bai tsayar ba. Duk wanda ya kalli wannan zama ya ga yadda aikin mutumin yake tun daga farko har ƙarshe: ilimi da ƙwarewa nasa ne, amma linzami yana hannun wani.

Tambaya ta biyu, daga wata malamar makaranta a Marwa: Malam, a wasu rubuce-rubuce ina ganin ana kiransa minista, a wasu kuma sakatare. Wanne ne daidai, domin kada in koya wa yara kuskure?

Amsa: Malama, duka biyun daidai ne. Ranar 2 ga Maris 1977, a garin Sabha, Gaddafi ya ayyana tsarin da ya kira Jamahiriyya, wato mulkin jama'a, inda aka soke sunan minista da na majalisar ministoci, aka maye gurbinsu da sakatare da Babban Kwamitin Jama'a. A 1979 kuma aka mayar da ofisoshin jakadanci abin da aka kira ofisoshin jama'a, aka cika da yawa daga cikinsu da matasa 'yan kwamitin juyin juya hali. Treki ya fara ne da sunan minista, ya wayi gari sakatare, aikin dai ɗaya ne, sai dai ya ƙara nauyi, domin shi ne ke zuwa ya gyara ɓarnar da waɗancan matasa suka yi, kamar lokacin da aka yi harbi daga ofishin Libiya a Landan cikin Afrilun 1984 aka kashe wata 'yar sanda, Ingila ta yanke hulɗa. Ki koya wa yara cewa minista ne, ki ƙara musu da wannan bayani.

Tambaya ta uku, daga wani dattijo a Njamena: Ɗana, mu da muka ga yaƙin 1980 da idonmu ba mu manta ba. Ina son ka faɗa mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: wannan Treki yana da hannu a abin da Libiya ta yi mana, ko kuwa ɗan aike ne kawai?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan faɗa maka yadda na fahimta, kuma ni ma ba labari aka ba ni ba. Ina yaro lokacin da faɗa ya ɓarke a Njamena cikin Maris 1980 tsakanin dakarun Gukuni Waddai da na Hissene Habre. A wancan lokaci ba a gina gadar Ngeli ba, sai kwalekwale. Ina tune da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya cire kan keken ɗinkinsa ya naɗe shi a zane ya saɓa a kafaɗa, mahaifiyata ta goya ƙanwata ta riƙe tukunya ɗaya tak, muka tsaya cikin taɓo a bakin kogin Shari muna jiran layi ya zo kanmu, ana jin ƙarar manyan bindigogi a bayanmu. Wata tara muka yi a zauren wani ɗan'uwan mahaifina a Kusuri. Kullum bayan isha'i maza sukan kewaye rediyo ɗaya, ana lallaɓa batir kada ya mutu, ana jiran a ji abin da Libiya ta ce da abin da Faransa ta ce, kamar ba ƙasarmu ake magana a kai ba.

To, a duk tsawon wannan lokaci Treki ne ke riƙe da harkokin wajen Libiya. Tun 1973 sojojin Libiya suka shiga zirin Auzu, wani yanki na arewacin Tibesti mai faɗin kusan murabba'in kilomita 114,000. Da aka zauna a Kano cikin Maris 1979 don sasanta ɓangarorin Cadi, Libiya tana cikin maƙwabtan da suka halarta, haka kuma a Legas cikin Agusta, inda aka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya da Gukuni zai shugabanta, Habre yana ministan tsaro. Wannan gwamnati ce ta wargaje a 1980. A ƙarshen shekarar tankokin Libiya suka ratso hamada suka shigo Njamena don taimakon Gukuni, Habre ya tsallako kogi zuwa Kamaru cikin Disamba. Ba a yi wata guda ba, ranar 6 ga Janairu 1981, aka fitar da sanarwa a Turabulus cewa Libiya da Cadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya, abin da ya tayar da hankalin Najeriya da Kamaru da Sudan, kuma ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a zaurukan Kusuri ba. Sojojin Libiya sun janye daga Njamena cikin Nuwamba 1981, dakarun kiyaye zaman lafiya daga Najeriya da Sanigal da Zayar suka maye gurbinsu, sai ga Habre ya dawo ya kama birnin ranar 7 ga Yuni 1982. Rikicin wanda zai zauna a kujerar Cadi ne ma ya sa taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da aka shirya a Turabulus cikin Nuwamban wannan shekara ya watse ba a buɗe shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1984, lokacin da Treki ya koma kujerar minista karo na biyu. Faransa ta kawo sojojinta tun Agusta 1983, ƙasar ta rabu biyu, arewa a hannun Libiya da Gukuni, kudu a hannun Habre. Ranar 17 ga Satumba 1984 aka sanar da yarjejeniya cewa Faransa da Libiya za su janye lokaci guda. Faransa ta kwashe nata cikin Nuwamba, har Shugaba Mitterrand ya je tsibirin Kirit ya gana da Gaddafi, amma dubban sojojin Libiya suna nan daram a arewa, suna ma gina babban filin jirgin yaƙi a Wadi Dum. Ma'aikatar da Treki ke shugabanta ce ta ɗauki wannan alkawari a gaban duniya, kuma alkawarin bai cika ba.

Saboda haka, Baba, amsata ita ce: ba shi ya aika da tankoki ba, kuma a Libiyar wancan zamani babu ministan da ke yanke shawarar yaƙi, mutum ɗaya ne da 'yan tsirarun hafsoshi na kusa da shi. Amma ban yarda a wanke shi da sunan ɗan aike ba. Ɗan aike shi ne wanda aka ba wasiƙa a rufe bai san abin da ke ciki ba. Wanda ya yi digirin digirgir a tarihin siyasa, ya san taswirar Tibesti da takardun Turawan mulkin mallaka fiye da ubangidansa, kuma ya tsaya shekara da shekaru yana ƙawata mamaya da lafazi mai daɗi, wannan ya ci ladan kuturu, kuma ya yi masa askin da idonsa a buɗe.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗalibin jami'a a Ngaundere: Malam, na karanta cewa Treki mai sasanta rikice-rikice ne a Afirka. Shin shi ne ya sasanta maganar Auzu har Libiya ta fita?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ba shi ba ne, kuma yana da kyau a ajiye kowace ƙwarya a gurbinta. Abin da ya fara karya lagon Libiya shi ne yaƙin 1987, wanda aka yi wa laƙabi da yaƙin Toyota saboda ƙananan motocin da sojojin Cadi suka ɗora wa makamai a ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous. Sun kama Fada ranar 2 ga Janairu, suka kama Wadi Dum cikin Maris, inda aka cafke Khalifa Haftar, wanda a yau yake riƙe da gabashin Libiya, cikin Satumba kuma suka kutsa cikin Libiya kanta suka afka wa sansanin Ma'atan as-Sarra. Ranar 11 ga Satumba aka tsagaita wuta. A lokacin Treki yana birnin Niyok yana kare matsayin ƙasarsa. Yarjejeniyar da ta buɗe hanyar shari'a an sa mata hannu ne a Aljiyas ranar 31 ga Agusta 1989, kuma Jadallah Azzuz at-Talhi ne ministan harkokin wajen Libiya a wannan lokaci, Acheikh Ibn Oumar kuma na Cadi.

A gaban Kotun Duniya da ke Heg, takardu ne suka yi magana. An daɗe ana jingina da'awar Libiya da yarjejeniyar 1935 tsakanin Laval na Faransa da Musolini na Italiya, wadda ba a taɓa kammala tabbatar da ita ba. Cadi kuwa ta riƙe yarjejeniyar abota da maƙwabtaka ta 10 ga Agusta 1955, wadda firaministan Libiya Mustafa Bin Halim ya sa wa hannu da Faransa a zamanin Sarki Idris, kuma a cikinta Libiya mai 'yancin kanta ta amince da iyakokin da tsofaffin takardu suka shata. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 alƙalai 16 suka ba Cadi gaskiya, ɗaya ya saɓa, kuma kafin ƙarshen watan Mayu sojojin Libiya suka fice a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ina ganin wajibi ne a yaba wa Libiya a nan, domin ba kowace ƙasa ce ke bin hukuncin da ya kayar da ita ba.

Sasancin da ka karanta ya zo ne daga baya, bayan Gaddafi ya ji haushin yadda Larabawa suka ƙyale shi cikin takunkumi ya juyo da fuskarsa kudu. An kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Turabulus cikin Fabrairu 1998, Cadi da Nijar suna cikin ƙasashe shida da suka fara ta. Ranar 9 ga Satumba 1999 aka yi sanarwar Sirte wadda ta haifi Tarayyar Afirka, aka ƙaddamar da ita a Durban cikin Yuli 2002. A nan Treki ya yi ruwa ya yi tsaki, yana yawo daga fadar wannan shugaba zuwa ta wancan, kuma babu mai musun cewa yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki a kafaɗarsu.

Da rikicin Darfur ya tsallako iyaka, Cadi da Sudan suka shiga ɗaure wa 'yan tawayen juna gindi, Libiya ce ta zama mai shiga tsakani, Treki kuma shi ke riƙe da jakar Afirka. Ranar 8 ga Fabrairu 2006 Shugaba Idriss Deby na Cadi da Shugaba Umar al-Bashir na Sudan suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Turabulus, amma cikin Afrilu 'yan tawaye suka iso Njamena. Ranar 25 ga Oktoba 2007 aka sake sa hannu a Sirte da ƙungiyoyin tawaye huɗu, ciki har da ta Mahamat Nouri da ta Timane Erdimi, amma a farkon Fabrairu 2008 motocinsu suka kewaye fadar shugaban ƙasa, jama'a suka sake kwarara zuwa Kusuri, wannan karon ta kan gada. Na tsaya a bakin gadar ranar, na ga wata mata ɗauke da katifa a ka tana jan yara biyu, sai na tuna mahaifiyata da tukunyarta. Zaman lafiyar da ya ɗore tsakanin ƙasashen biyu bai samu ba sai a Janairu 2010, lokacin da suka zauna da kansu a Njamena suka amince da rundunar haɗin gwiwa a kan iyaka. Ban ce ƙoƙarin Treki banza ne ba, domin kowane zama ya rage wani abu na gaba, amma mai sulhun da ake zargin ubangidansa yana da 'yan lele a cikin masu faɗan, da wuya a saki jiki da shi.

Tambaya ta biyar, daga wata Hajiya a Abeshe: Malam, na ji an ce a ƙarshe ya juya wa Gaddafi baya. Wannan butulci ne ko tuba? Ɗana yana aiki a Libiya a 2011, da ƙyar ya dawo mana.

Amsa: Hajiya, muna taya ki godiya ga Allah da ya dawo miki da shi, domin dubun-dubatar 'yan Cadi ne suka ratso hamada a bayan manyan motoci zuwa Faya-Larjo a wannan shekara, bayan an shiga yi wa duk mai baƙar fata kallon sojan haya, kuma ba duka suka iso ba.

Ga yadda abin ya faru. Da bore ya tashi cikin Fabrairu 2011, jakadan Libiya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Abdurrahman Shalgham, ya fito a gaban Kwamitin Sulhu ya raba gari da Gaddafi. Sai gwamnati ta naɗa Treki ya maye gurbinsa, amma bai taɓa zama a kan kujerar ba. Ranar 17 ga Maris Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 wanda ya ba da izinin amfani da ƙarfi don kare fararen hula, jiragen ƙawance suka fara luguden wuta bayan kwana biyu. Ranar 30 ga Maris ministan harkokin waje Musa Kusa ya tsere zuwa Ingila, washegari kuma aka ji daga Alƙahira cewa Treki ya ƙi karɓar muƙamin, yana kira da a daina zubar da jini. A daidai lokacin, garinsu Misrata yana cikin ƙawanya, dakarun gwamnatin da ya yi wa hidima suna ruwan harsasai a kan unguwannin da ya taso a ciki.

Abin da ke zuciyar bawa Allah kaɗai ya sani, don haka ba zan kira shi tuba ba, ba kuma zan kira shi butulci ba, domin ƙin goyon bayan kisan jama'a ba butulci ba ne ko da wa aka ƙi wa. Abin da zan iya faɗa shi ne matakin ya yi daidai amma ya makara ƙwarai. Lokacin da wuta ke cin Njamena da Faya da Abeshe bai ajiye aiki ba, lokacin da jirgin fasinja na kamfanin UTA na Faransa da ya tashi daga Njamena ya tarwatse a saman hamadar Tenere ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170, har kotun Faransa ta sami jami'an Libiya shida da laifi a 1999, bai ajiye ba, sai da wutar ta iso ƙofar gidansu. Wannan ne ya sa yabon da nake yi masa a kan wannan mataki ba ya cika mini baki.

Sababbin masu mulki ba su ba shi wani gurbi ba, shi ma bai sake riƙe muƙami ba. Gaddafi ya mutu a Sirte ranar 20 ga Oktoba 2011, makaman rumbunansa suka watsu cikin Sahel kamar yadda Deby ya yi ta gargaɗi tun ana cikin yaƙin. Ali Treki ya ci gaba da zama a Alƙahira, a can kuma ya rasu ranar 19 ga Oktoba 2015.